Gaisuwar Suruki Ana Tsakiyar Gudu

Ni ba ɗan wasanni ba ne, likita ne ya jefa ni cikin wannan wahala. Na haura hamsin ina aikin ofis a Gusau, daga kujera sai mota, daga mota sai tabarma, tumbi ya yi gaba ya bar ni a baya. Ranar da na je asibiti ina kukan yawan kasala, likitan ya duba ni ya ce sikari ya fara leƙowa, ko dai in motsa jiki ko in shirya zama da allura. Ni kuwa ina tsoron allura fiye da yadda ya kamata babba ya ji tsoro. Sai na fara tafiyar ƙafa bayan sallar asuba, daga nan na koma sassarfa, kafin in ankara na fara gudu.

A wurinmu babba ba ya gudu sai da dalili, kuma dalilin ba ya zama mai daɗi. Farkon fitata na sha tambaya. Wata safiya mai shayin bakin layinmu ya hango ni a guje, ya fara tattara kofuna tun kafin in iso, yana tambayata su waye a baya. Na ce masa babu kowa, sikari ne. Daga baya unguwa ta saba, aka mayar da ni abin tsokana, ni ma na saba da tsokanar. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne gudun ya shiga raina. Ina son wannan lokaci da numfashi ke daidaita, ƙafa ta riƙa tafiya da kanta, in manta da ofis da duk wanda ke cikinsa.

Ana cikin haka wasu matasa masu ƙungiyar motsa jiki suka shirya gasar gudun famfalaki daga Bungudu zuwa Gusau, suka ce kowa na iya shiga, yaro da babba. Ban yi shawara da kowa ba na ba da sunana. Na dawo gida da lambar da zan manna a ƙirji ina ta washe baki. Maiɗakina tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ni.

"Ta ina za ku biyo?"

"Ta titi mana. Akwai wata hanya ne?"

"To madalla. Ka gaishe min da Baba."

Ta mayar da kai kan farantinta tana dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa sai a lokacin na gane. Na manta shaf cewa ƙauyensu yana bakin wannan titi, kuma mahaifinta kullum da hantsi yana zaune gindin wata ɗorawa da abokansa, yana tufkar igiya, fuskarsa na kallon kwalta.

Dole in yi bayanin wannan dattijo da abin da ke tsakaninmu. A Tsafe na tashi, a gidan da ba a wasa da kunyar suruki. Mahaifina har ya tsufa, in ya hango kakana na wajen uwa, daga nesa yake tuɓe takalmi. Haka na gani, haka na ɗauka. Tun da na auri 'yar wannan bawan Allah ban taɓa wuce shi a tsaye ba, ban taɓa zuwa gabansa babu hula ba, ban taɓa ɗaga murya inda zai ji ba. In na je, takalmi a hannu, in tsuguna, mu gaisa, in tashi. Shi ma yana jin kunyata. Malam yake ce mini, idonsa a kan igiyarsa, nawa a ƙasa. Na fi sanin yatsun ƙafarsa a kan fuskarsa. Ya ba ni 'yarsa ina ƙaramin ma'aikacin da bai aje komai ba, don kawai an ce masa yaron yana da natsuwa. Wannan shaidar ita nake riƙe da ita shekara da shekaru, kuma babu abin da nake alfahari da shi kamar ta.

Yanzu ga mai natsuwa zai bi ta gabansa a guje, kai babu hula, sharaɓa a waje, lamba a ƙirji, yana haki. Na ji tsoro ƙwarai. Ba faɗa nake tsoro ba, don ba zai yi ba. Ina tsoron ya dube ni sau ɗaya ya sauke kai, in ragu a idonsa, kuma har abada ba zai faɗa mini ba.

Na kawo dabaru iri-iri. Na ce ko in ratsa ta bayan gari cikin gonaki, maiɗakina ta ce dawa ta fi ni tsawo, sai dai a aika nemana. Na ce ko ta kira gida ta sa a riƙe shi da hira a zaure.

"Ni in shirya ma ubana dabara? Aradu ba ni yi. Kai da kac ce kana iyawa, ka iya duka."

Na ce to zan fasa. Nan ne ta aje dariya ta ce in na fasa saboda wannan, ita ce za ta fara raina ni. A ƙarshe na kwantar da hankalina da cewa kaka ce, an yanke gero ana ɗaurin dammuna, wataƙila dattijo yana gona. Na riƙe wannan fata da hannu biyu.

Ranar gasa muka taru a Bungudu da sassafe. Yawancinsu samari ne sirara, suna tsalle-tsalle suna miƙe ƙafa. Mu manya ba mu da yawa, muka koma gefe muna gaisawa cikin mutunci kamar mun haɗu wurin ɗaurin aure. Na sa wando mai sauka ƙasan gwiwa kaɗan, da riga mai gajeren hannu, da kambas ɗin da na saba da shi. Aka busa usur, samarin nan suka ɓace mana.

Da farko na ji daɗi. Akwai sauran sanyin safiya, gonaki hagu da dama, dawa ta sunkuyar da kai, ga ƙanshin gyaɗar da aka tuge aka baza. Na yi kuskuren da kowane sabon shiga ke yi, na bi saurin wani da ya fi ni ƙuruciya don kada ya bar ni. Da rana ta ɗago sai na fara biyan kuɗin wautata. Wani abu ya soke ni ƙasan haƙarƙari na dama, kowane numfashi sai ya motsa shi. Cinyoyina suka yi nauyi. Gumi ya riƙa shiga idona yana yaji. Na karɓi ruwan leda hannun masu rabawa, na sha rabi na zuba rabi a ka, bai kai ko'ina ba ya bushe. Kwalta ta fara dukan tafin ƙafata, ina jin kowane taki har cikin ƙugu. Na rage sauri, na bar yaron ya tafi da abinsa, na ce Allah ya raka taki gona.

Duk da haka hankalina ba ya kan ciwo, yana kan ɗorawa. Daga nesa na hango ta, kuma tun daga nesa na san fatana ya tashi a banza. An tare motoci saboda gasar, labari ya zaga, ƙauyen kaf ya fito bakin titi kallo. Ga shi nan zaune kan buzunsa a tsakiyar abokansa, farar hula, igiya a hannu.

Ina da damar in wuce. Mutane da yawa, ga hayaniya, ƙila ma ba zai gane ni ba. Na yi wannan tunanin, na ma yanke shawarar in kau da kai in ƙara sauri. Amma da na zo daidai wurin, ƙafafuna suka sauka daga kwalta da kansu. Jikin da ya shekara ashirin da wani abu yana yin abu ɗaya ba ya neman izini. Na tsaya, na sunkuya ina kokawa da igiyar kambas. Na cire ɗaya, na cire ɗayan, na riƙe su a hannu, na ƙarasa da safa cikin ƙasa, na tsuguna.

Ina jin ɗigar gumina a kan ƙasa.

"Baba, ina... ina kwana."

"Lahiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

Allah ya yafe mini wannan amsa. Haka muka bi gaisuwar nan tiryan-tiryan, bai rage ko ɗaya ba, ni ma ban isa in rage ba. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, na tambayi kaka, ya ce an gode Allah. A bayana ina jin takun waɗanda na wuce ɗazu suna wuce ni. Bai ɗago ba, bai ce komai game da shigar da ke jikina ba, kamar kullum haka nake zuwa. Da muka kai ƙarshe ya ce, "To, a sauka lahiya." Na yunƙura zan tashi.

Duk wanda ya san gudu ya san ba a tsugunawa da zafin jiki bayan doguwar tafiya irin wannan. Ni ban sani ba sai ranar. Sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau, ta dunƙule kamar an cusa dutse. Kafin in ce wani abu ta hagu ta bi sahu. Na kife gefe ɗaya, takalma suka watse, na saki wata ƙara da ban taɓa sanin tana cikina ba. Na kira sunan Allah, na kira Inna da ta daɗe da rasuwa. Ina birgima cikin ƙasa a gaban surukina, a gaban abokansa, a gaban matan ƙauyen da suka yi wa matata rakiya ranar biki. Ciwon yana da tsanani, amma kunyar ta fi shi. A raina na ce shi ke nan, abin da nake gudu ya faru, har ya zarce yadda na zata.

Sai na ji hannu ya kama ƙafata. Na buɗe ido, shi ne. Ya jefar da igiyar, ya sauko daga buzu, ya ɗora ƙafar nan mai ƙura da gumi a kan cinyarsa, a kan farar rigarsa. Bai san abin da ake yi ba, matsawa kawai yake da ƙarfi irin na manomi, yana ƙara mini azaba, yana cewa, "Sannu. Sannu, Malam. Sannu." A nan na ga fuskarsa sosai, kusa da kusa. Ashe yana da wani ɗan tabo a gefen gira. Ashe idanunsa irin na babbar 'yata ne. Kuma babu raini a cikinsu, tsoro ne kawai, irin na uban da ɗansa ya faɗi.

Motar asibitin da ke bin bayan masu gudu ta iso. Wani ma'aikaci ya sauko, ya miƙe mini ƙafafun, ya tura yatsun baya, ya ba ni ruwa mai gishiri-gishiri. A hankali dutsen ya narke. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya ce, "Alhaji, ya isa haka. Shiga mota mu ƙarasa da kai."

Na dubi motar. Ƙofarta a buɗe, akwai inuwa a ciki, har da wasu mutum biyu zaune sun miƙe ƙafa. Wallahi na so shiga. Sai dattijo ya yi magana, kuma karo na farko ke nan da ya taɓa tambayata abin da ba gaisuwa ba.

"Malam, kana son shiga?"

"A'a, Baba."

Ban san daga ina amsar ta fito ba. Ya juya wurin ma'aikacin.

"To ba shi shiga. Ɗana na. Ku tahi, ina nan."

Ma'aikacin ya ce ba za su iya jira ba, akwai wasu a gaba. Dattijo ya ce ai bai ce su jira ba. Ya sa aka ɗauko masa kekensa daga zaure, wani tsohon keke baƙi mai ƙarar sarƙa. Ni kuma na zauna a ƙasa ina ɗaura kambas a gabansa, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Abokansa suka kama ni suka tayar. Na hau kwalta ina ɗingishi, na ji ƙiiƙ-ƙiiƙ a bayana.

Sauran tafiyar nan ba zan kira ta gudu ba don kada in yi ƙarya. Wani abu ne tsakanin sassarfa da jan ƙafa. Ƙasar da ta shiga safata ta riƙa gurzar yatsuna har suka yi bororo, bororon ya fashe, na ji danshi. Sharaɓa tana yi mini barazana duk bayan ɗan lokaci, in ta motsa sai in taka a hankali in lallashe ta. Rana ta tsaya a tsakiyar kaina. Bakina ya bushe, harshe ya yi kauri. An buɗe hanya, manyan motoci suka riƙa wucewa suna watsa mini iska mai zafi, yaran mota suna yi mini ihu. Akwai inda na daina ganin gonaki, na koma kallon ɗan farin layin gefen titi kawai, ina ce wa kaina in kai wancan itace, in na kai sai in sake zaɓar wani.

Bai zo gefena ba, bai wuce ni ba. Yana baya, tazarar da ta dace tsakanin suruki da suruki. Tuƙa keke a hankali haka aiki ne, ina jin yadda yake sauke ƙafa yana dafa ƙasa, ya sake hawa. Bai ce mini in yi sauri ba, bai ce in huta ba. Sau ɗaya na tsaya cak, na dafa gwiwoyi, na ce a raina na gama, ko jirgi aka kawo zan hau. Ƙarar sarƙar ta tsaya. Can ya ce, "Ga Gusau can, Malam." Na ɗago, babu Gusau babu alamarta. Amma na ci gaba, don ba zan iya ƙaryata shi ba.

Da muka shigo gari da gaske, na hango rumfar da aka kafa a wurin ƙarewa, har an fara naɗe ta. 'Yan tsirarun da suka rage suka gan ni suka hau tafi, irin tafin da ake yi wa na ƙarshe, rabi tausayi rabi dariya. Na karɓa da godiya. Na taka layin, na zube kan wani benci, na waiwaya in neme shi. Ya riga ya juya tun daga bakin taron. Bayansa kawai na hango, farar riga da tabon ƙasa, yana tuƙawa a hankali ya nufi hanyar gida.

Maiɗakina tana wurin da yara. Na ba ta labari ina haki. Ta fara dariya har da riƙe ciki, da na kai wurin keken sai dariyar ta tsaya. Ta ce rabon Baba da ya tuƙa keke zuwa Gusau tun kafin a yi masa aikin ido. Ta juya baya tana gyara mayafi, ta daɗe tana gyara shi.

Na yi kwanaki ina sauka daga gado da dabara, ina sallah a zaune. Ƙafa ta warke, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Tausayi daban, girma daban. Mutum yana iya ɗaga ka daga ƙasa don shi mutumin kirki ne, ya kuma tafi da abin da ya gani. Na riƙa ɗage zuwa gaishe shi, yau aiki gobe mota, har maiɗakina ta ce in ba zan je ba ita za ta je ta ce masa kunya ta kashe ni. Ranar wata Juma'a na sa babbar riga mafi nauyi da nake da ita, na kafa hula, na tafi.

Yana gindin ɗorawa da mutanensa. Na tuɓe takalmi, na tsuguna, a hankali wannan karon. Muka gaisa kamar kullum, babu ragi babu ƙari. Abokansa suna ta danne dariya, ɗaya har yana tari. Na jira in ji ko zai ce wani abu, bai ce ba. Na yi sallama na yunƙura.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Wanga abu da kunka yi, baɗi ma ana yi nai?"

Na ce ana yi, amma ni na bari, abin yara ne.

"Kak ka bari," in ji shi, idonsa a kan igiya. "Amma in ka zo nan, kak ka tsaya. Na yahe maka gaisuwar ranar. Ka ɗaga hannu ka wuce, in ga kana cikin mutane."

Na ce to. Na ɗauki takalmina na tafi wurin mota, na zauna a ciki na daɗe ban tayar da ita ba.

Da shekara ta zagayo na sake shiga. Na fi shiri, ban bi saurin kowa ba. Da na hango ɗorawar sai ƙafafuna suka fara ja gefe kamar yadda suka saba, na yi da gaske kafin na riƙe su a kan kwalta. Na zo daidai wurin, kai babu hula, takalmi a ƙafa, ina tsakiyar mutane. Na ɗaga hannu, ina jin nauyinsa. Dattijon nan ya aje igiyarsa, ya dafa kafaɗar na kusa da shi, ya miƙe tsaye. Yana tsaye har na wuce.